Anko Mai Launi Uku

Hausawa suna cewa araha ba ta ado. Maganar tana da gaskiyarta, gama duk macen da ta taɓa sayen zane mai araha ya zube mata a wankin farko ta san abin da ake nufi. Amma a cikin jama'a inda mai shi da marar shi suke zama a kan benci ɗaya, wannan karin magana yakan yi yanka. Inda abin ya fi fitowa fili kuwa shi ne wajen anko. Kowace shekara, sa'ad da Kirsimeti ya gabato, ko biki, ko babban taron mata, sai a zaɓi zane ɗaya a ce kowa ta saya. Niyyar mai kyau ce, watau a ga an zama ɗaya. Duk da haka wadda ba ta da kuɗin turmi takan aiko a ce ciwon kai ya hana ta zuwa, alhali kowa ya san irin wannan ciwon kai.

Akwai wata mai ɗinki a Maraɗi wadda ta sami hanyar warware wannan ƙulli, ta kuwa same ta ta wurin launuka uku: kore, da ruwan zaitun, da ruwan hoda. Duk unguwar Inna ake ce mata. Ta koyi ɗinki tun tana budurwa a ajin ɗinki na mata, ta yi aure, mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa huɗu da keken ɗinki na ƙafa. Da wannan keke ta ciyar da su. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma tana da ido. In aka shimfiɗa mata yadi biyu, kafin ta taɓa almakashi ta riga ta san ko za su zauna lafiya da juna. Ido ba mudu ba, ya san kima.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Tamma ɗaya ta Faransa da ake saya sefa 50 ta koma sefa 100. Dukan kayan da suke zuwa daga ƙetare suka tashi. Atamfar Holan, wadda kamfanin Vlisco yake bugawa a garin Helmond, kamfanin da aka kafa tun 1846, ta fi ƙarfin yawancin mata, shadda mai kyau ma haka. Albashi bai bi farashi ba. Shekara biyu Zumuntar Mata ta majami'arsu Inna tana yin anko da rabin mutanenta. Sa'ad da aka zo shirin Kirsimeti na 1996, daga cikin mata arba'in da ɗoriya waɗanda suka iya kawo kuɗin turmi ba su kai ashirin ba.

Uwar zumunta ta je wurin Inna da littafin kuɗi a hannu. Ta ce, "Inna, ku duba mana. Ko mu fasa ankon bana, ko mu yi shi mu kaɗai da muke da hali. Ni kuwa babu wanda zuciyata ta kwanta da shi." Inna ta ce ta ba ta kwana uku.

Ta shiga kasuwa rumfa rumfa. A wurin wani Alhaji mai yadi ta tarar da bandir biyu na yadin auduga marar zane, ruwan zaitun, ƙura ta rufe su. Yadin yana da kauri, saƙarsa ta yi kyau, amma mata ba sa ko kallonsa, domin suna cewa kalar soja ce. Alhaji ya yarda ya sallama da araha, gama ya gaji da ganinsa. A wata rumfa ta sami kore mai haske, kuɗinsa matsakaici. Ruwan hoda ne mai tsada, shi kuwa kaɗan take bukata. Ta yanko ƙyalle daga kowanne, ta kai taron mata na ranar Alhamis.

Ba a karɓi shawararta hannu bibbiyu ba. Wata ta ce, "Inna, so kuke a ce matan bariki ne suka zo sujada?" Aka yi dariya, amma a ƙarƙashin dariyar akwai dalili. A Janairun shekarar nan ne sojoji suka karɓi mulki a Yamai, kuma ba shi ne karo na farko ba, gama an yi haka a 1974. A idon mutanen ƙasar, wannan launi na masu bindiga ne. Ba a Nijar kaɗai ba. Sojojin Ingila a Indiya su suka fara barin jan kaya suna sa tufafi masu launin ƙasa a tsakiyar shekarun 1800, daga can ne ma kalmar kaki ta fito, ma'anarta mai launin ƙura. Sojojin Amurka kuma suka yi Yaƙin Duniya na Biyu cikin ruwan zaitun mai duhu, daga baya rundunoni da yawa na duniya suka bi sahu. Dalilin zaɓensa shi ne ba ya jan ido. Mai sanye da shi yakan ɓace cikin ciyawa da ƙasa.

Wannan hali na ɓuya shi ne Inna take nema. Ta ce musu, "Ƴaƴana, launin da ba ya ihu shi ne yake barin ɗan'uwansa ya yi magana." Ta shimfiɗa ƙyallen zaitun shi kaɗai a kan tabarma, kowa ya ga ya yi dishi-dishi kamar tsohon tanti. Ta ɗora koren a kansa, ya ɗan farfaɗo. Sa'an nan ta ɗora ɗan siririn ruwan hoda a tsakaninsu. Sai aka yi shiru. Ruwan hodar ya yi haske fiye da yadda yake a hannunta, zaitun ɗin kuma ya koma kamar ganye.

Abin da matan nan suka gani a tabarma, masana sun daɗe da bincikensa. A 1824 aka naɗa wani masanin haɗa magunguna mai suna Shebrol shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Faris. Masaƙa suna kawo ƙara cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya baƙi sosai. Da ya gwada, ya tarar rinin ba shi da laifi. Launin da yake kusa da zaren ne yake sauya yadda ido yake ganinsa. A 1839 ya buga littafi a kan wannan. Abin da ya nuna shi ne, kowane launi yana da abokin hamayya, in kuwa aka haɗa su gefe da gefe, kowanne yana ƙara wa ɗayan ƙarfi. A wurin masu fenti da masu rini, abokin hamayyar kore shi ne ja.

Mai karatu yana iya gwada wannan a gida. Ya ƙura wa koren ƙyalle ido kamar rabin minti ba tare da ya kawar da kai ba, sa'an nan ya dubi farin bango. Zai ga inuwar ƙyallen a bangon, amma da launin hoda-hoda. Ido ya gaji da kore, don haka ya nuna abokin hamayyarsa.

To, kore shar da ja wur in sun haɗu sukan yi faɗa, domin dukansu masu ƙarfi ne, ido ba ya samun wurin hutawa. Ruwan hoda kuwa ja ne da aka sirka da fari, ƙarfinsa ya ragu. Ruwan zaitun kuma ɗan'uwan kore ne da aka dusashe. Mai fenti yakan same shi in ya ɗiga baƙi kaɗan cikin rawaya, ko ya sa ɗan ja cikin kore. Saboda haka launukan nan uku dangi ne ta hanya biyu: zaitun da kore gida ɗaya suka fito, ruwan hoda kuma yana amsa musu ba tare da ya fi ƙarfinsu ba.

Inna ba ta taɓa jin sunan Shebrol ba. Nata malaman suna bakin hanya. Ta tuna wa matan da kariya, wadda ake dasawa a kan iyakar gona. Jikinta toka-toka ne mai ɗan kore, da rani kuma, sa'ad da kome ya bushe, sai ta fid da furanni ruwan hoda. Ta tuna musu da albasar Galmi, ganyenta kore, ɓawonta tsakanin hoda da shunayya. Ta ce su fasa gwaiba su duba bayanta da cikinta. Ta ce su dubi ganyen sabara kusa da ganyen dogon yaro, ɗaya ya dusashe ɗaya yana sheƙi, ba wanda ya taɓa cewa ba su dace ba. Itacen zaitun kansa ma ba baƙo ne ɗungum a ƙasar ba, gama akwai wani irinsa na jeji da yake tsiro a kan duwatsun Ayar. Wata dattijuwa ta ƙara da cewa ai tun kafin a yi soja, ganyen zaitun ne kurciya ta kawo wa Nuhu, aka gane ruwa ya janye.

Aka kusa shiryawa, sai wata mace da take zaune a baya ta tashi ta fita ba ta ce kome ba. Kowa ya san dalili. Ɗanta na fari ya shiga soja, aka tura shi arewa lokacin tawayen da ya tashi a 1990. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, amma shi bai kai wannan rana ba. Abin da aka kawo mata shi ne jakarsa, a ciki kuwa akwai rigarsa ta wannan launi.

Da dare Inna ta je gidanta. Ba ta kawo mata zancen kariya ko na kurciya ba. Ta zauna, suka gaisa, suka daɗe ba magana. Can matar ta ce, "Yaya, ba zan iya ɗaura shi a jikina ba. Ku yi ankonku, ni zan zauna gida." Inna ta ce, "Ƙanwata, anko da zai zaunar da ke gida bai cika anko ba. Faɗa mini abin da za ki iya sawa." Matar ta ce koren ba ya damunta.

A nan ne tsarin ya sauya. Da farko Inna ta yi nufin kowace mace ta sa iri ɗaya: zane ruwan zaitun, taguwa kore, kallabi ruwan hoda. Da ta koma taro ta ce a bar wannan. Launuka uku su ne ankon, amma kowace mace ta zaɓi wanda zai yi mata yawa da wanda zai yi kaɗan. Mahaifiyar sojan aka ɗinka mata kore sama da ƙasa, da kallabi ruwan hoda. Inna ba ta sa mata zaitun ko zare ɗaya ba, ba wanda kuma ya tambaya.

Da aka buɗe wannan ƙofa, sai wata ta buɗe da kanta. In launi ne anko, ai ba tilas ne yadin ya zama sabo ba. Wadda take da tsohon koren zane a akwati ta fito da shi, aka sayar mata yadi biyu na zaitun ta yi taguwa. Wadda take da atamfa mai furanni ruwan hoda a kan kore ta ɗaura abinta. Gwauraye biyu da ba su da ko ɗaya, Inna ta haɗa musu daga ragowar yanka, ta yi wa wuya da bakin hannu ado da siririn hoda, har wasu masu hali suka zo suna neman irinsa. Kuɗin da aka tara domin turmi ashirin ya ishi kowa. Ranar Kirsimeti matan suka shigo a jere suna waƙa, babu biyu da suka yi kama sak, amma daga bakin ƙofa duk wanda ya duba ya san ƙungiya ɗaya ce.

Akwai maza da suka yi gunaguni sa'ad da matansu suka so su ɗinka wa yara maza riga da ɗan ruwan hoda a wuya, suna cewa kalar mata ce. Wannan ra'ayi bai tsufa kamar yadda ake zato ba. A Amurka da Turai sai wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu al'adar ware hoda ga ƴan mata da shuɗi ga yara maza ta kafu sosai, masu sayar da kayan jarirai kuma suka yaɗa ta. A majami'un Katolika, firist yakan sa koriyar riga a Lahadin da ba na wani babban idi ba, kuma an yarda ya sa ruwan hoda sau biyu a shekara, watau Lahadi ta uku ta lokacin jiran Kirsimeti da Lahadi ta huɗu ta lokacin Azumi, alamar farin ciki a tsakiyar jira.

Inna ta koyar da ƴan mata da yawa kafin idonta ya raunana, ga kuma abin da takan faɗa musu game da launukan nan.

Na farko, kada a ba su rabo daidai wa daida. In an raba tufa kashi uku cif, ido ba ya sanin inda zai sauka. Ɗaya ya zama uwar gida, ɗaya ya bi baya, na ukun ya zama kamar gishiri a miya. Masu ƙawata ɗaki a ƙasashen Turai suna da irin wannan ƙa'ida, sukan ce kashi 60, da 30, da 10 cikin ɗari. Ita da turmi take lissafi: cikin yadi shida, kamar uku da rabi na babba, biyu na mabiyi, rabin yadi na ƙarami.

Na biyu, a lura da inda kowanne zai zauna a jiki. Ruwan zaitun yana jure ƙura, don haka ya dace da zane ko wando, inda ake zama a tabarma ana tafiya cikin rairayi. Ruwan hoda kuwa da hunturu ba ya ɓoye datti ko kaɗan, wurinsa sama ne, a kallabi, ko gyale, ko aikin wuya, inda zai haskaka fuska. Haka yake a ɗaki. Labule da rigar kujera su ɗauki zaitun, zanen gado ya ɗauki kore, matashin kai ko ƙyallen tebur ya ɗauki hoda.

Na uku, kada a zaɓi yadi a cikin duhun rumfa ko a ƙarƙashin fitilar lantarki. A fito da shi bakin ƙofa a duba da hasken rana, gama akwai zaitun mai karkata ga rawaya, akwai mai karkata ga toka. Mai rawaya ya fi son hoda mai ɗumi irin na cikin gwaiba. Mai toka ya fi son hoda mai sanyi irin na ɓawon albasa.

Na huɗu, a gwada rini kafin a yanka. A jiƙa bakin yadin, a matse shi cikin farin ƙyalle. In ya bar tabo, zai zuba, koren da ya zuba a kan hoda kuwa ba ya fita. Kore launi ne mai wuyar sha'ani tun dā. Kafin 1856, sa'ad da wani saurayi ɗan Ingila mai suna Fakin, yana da shekara 18, ya gano rinin farko na kwaltar gawayi yana neman haɗa kwinin, marina a ƙasashe da yawa sukan sami kore ta wurin rini biyu: a tsoma cikin shuɗi irin na baba, wanda ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano, sa'an nan a tsoma cikin rawaya. Rawayar ita take fara koɗewa. Shi ya sa a tsofaffin saƙe-saƙen bango na Turai ake ganin itatuwa da shuɗin ganye. Har yanzu rana ba ta barin kore da hoda, don haka a wanke kowanne dabam da ruwan sanyi, a juya baibai, a shanya a inuwa.

Na biyar shi ne wanda ta fi nanatawa. Kafin a auna ƙugun mace, a san abin da yake cikin akwatinta da abin da yake cikin zuciyarta. Launi ɗaya yana iya zama ado ga wata, ya zama makoki ga wata, mai ɗinki kuwa ba za ta sani ba sai ta tambaya.

Yau kasuwa ta sauya. Atamfar Sin mai araha ta cika rumfuna, sayen turmi bai yi wuya kamar a 1996 ba. Amma anko ma ya yawaita. Akwai na biki, da na suna, da na taron gunduma, da na jana'iza, har mace takan ci bashi sau uku ko huɗu a shekara domin kada a ga ta bambanta. Matsalar da uwar zumunta ta kawo cikin littafin kuɗi tana nan, tufa kawai ta sake.

Saboda haka shugabannin mata da masu shirya biki suna iya gwada wannan hanya. A zaɓi launi biyu ko uku da suke zama lafiya da juna, a sanar da wuri, wata biyu ko uku kafin ranar. A yanko ƙyalle a liƙa a takarda domin kowa ta ga ainihin launin da ake nufi, gama kore iri-iri ne. A faɗa a fili cewa tsohon zane ma ya shiga. A sayi bandir ɗaya na launin da ya fi araha da kuɗin ƙungiya, a ajiye wurin mai ɗinki, wadda take bukata ta je ta karɓa ba tare da an kira sunanta a taro ba. In ranar ta zo, mai ƙirga mutane ta fara ƙirga waɗanda ba su zo ba, washegari kuma a aika a gaishe su.